Boda koli, karen kiwon da bai iya zaman banza ba

Jama'a yau kan kare zan yi surutu, wanda abin bai dame shi ba ya yi haƙuri. Ba kowane kare ba fa, wannan baƙi-da-farin da bidiyonsa ke yawo a Facebook da TikTok, wanda za ka ga ya sunkuyar da kai yana sanɗar tumaki, wani dattijo can nesa da sanda a hannu yana ta fito, shi kuma yana juya garke guda dama da hagu sai ka ce da rimot ake sarrafa shi. Turawa na ce masa border collie, ni dai boda koli nake faɗi in huta. Duk wanda ya kalli bidiyon abu ɗaya yake cewa, "kai, ina ma in samu irinsa", ni kuma cewa nake a bi a hankali, don abin da ke burge mutane a wannan karen shi ne dai yake hana masu shi barci in suka ajiye shi inda babu aiki.

Maganar rimot ɗin ma ba haka take ba. Fara duba ƙasar da aka samar da shi tukuna. Kan iyakar Ingila da Sikotland tuddai ne da kwazazzabai, irin tsaunukan Cheviot, ga sanyi ga ruwan sama ga hazo, ciyawar ba wani ƙarfi gare ta ba saboda haka tumaki ba sa kiwo a dunƙule, warwatsuwa suke yi, uku nan biyar can, a fili mai faɗin gaske wanda galibi ko shinge babu. Kuma sau da yawa a shekara dole a tattaro su kaf, lokacin haihuwa, lokacin aski, lokacin wankan magani, lokacin haɗa su da raguna. Mutum ɗaya ba zai iya ba, ko su goma ne sai sun ji a jikinsu. To makiyayi zai tsaya a ƙasa ya tura kare, karen ya haye tudu ya ɓace masa, wani lokacin iska ma ta ɗauke fiton bai ji ba, a can shi kaɗai zai yanke wa kansa shawara, ta ina zai ɓullo musu, ko akwai wasu da suka maƙale bayan dutse, wace hanya ce ba za ta kai su bakin rami ba. Irin karen da aka yi ta zaɓa kenan tsara bayan tsara, wanda in an yi masa magana ya ji, in ba a yi ba ya yi aiki da kansa. Haɗa waɗannan biyun a dabba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Wani abu da ke rikita mutane, da an ce karen kiwo sai a ɗauka mai gadin garke ne. Aikin kowa daban. Akwai manyan karnuka irin kangal na Turkiyya da ake renonsu cikin tumaki tun suna kwikwiyo, su kwana tare su tashi tare, aikinsu korar kyarkeci da ɓarawo, tumakin kuma ko gezau ba sa yi in sun gan su. Shi kuwa boda koli da tsoron tumakin yake cin abinci. Kallon mai farautarsu suke masa, kuma ba su yi ƙarya ba, don duk abin da yake yi matakan farauta ne irin na kakanninsa, ya hango, ya kafe da ido, ya yi sanɗa, ya zagaye ya tare hanya. Masu kiwonsa sai suka ƙarfafa farkon farautar suka danne ƙarshenta, wato cafka da kisa. Shi ya sa za ka gan shi kai a ƙasa, kafaɗa a duƙe, jela a sauke, ido ƙyam a kan tunkiya, ba haushi ba hayaniya. A New Zealand suna da wani karen kiwo, huntaway, shi da haushi yake kora, na shanun Ostireliya kuma diddige yake ɗan gatsawa. Wannan kam ido ne jarinsa, makiyayan can in suna hirar kare maganar ido ba ta barin bakinsu, wane idonsa ya yi ƙarfi, wance nata sako-sako ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba koya masa ake yi ba, da ita yake zuwa duniya. Ka saka matashin kare cikin fili da 'yan tumaki, bayan ya gama haukan farko sai ka ga ya zagaya ya tsaya can ɗaya gefen daidai saitinka, tumaki a tsakiya. Ka matsa dama ya gyara tsayuwa, ka matsa hagu ya sake gyarawa. Masu horo da fuskar agogo suke bayanin abin, in kai ne a ƙarfe shida to shi sha biyu yake nema. Burinsa dai ya kawo maka su. Abin da ke ba da wahala wajen koyarwa shi ne akasin haka, a ce ya kora su gaba su yi nesa da kai, wannan ya saɓa wa jininsa, sai an yi ta fama.

Ni inda na fi so in kalla shi ne farkon aikin. Kare na gefen ƙafar mai shi jiki na rawa, ido na can nesa. Da 'yar raɗa ɗaya ya fice, amma ba ya miƙewa kan tumakin, buɗewa yake yi, yana gudu yana ƙara nisa da su ta gefe, yana ɗan juyo da kai yana auna inda suke, har ya faɗa bayansu ba su ma daina cin ciyawa ba. Sai ya ja birki. Tumakin su ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa a tsaye, su gan shi. Ya ɗaga ƙafar gaba ya riƙe ta a sama ya ɗan jima, ya ajiye, ya ɗaga ɗayar. In ya yi garaje a nan su watse ko su ɗiba a guje, in ya yi sanyi da yawa su raina shi su mai da baki ciyawa. A 'yan daƙiƙun nan tumaki ke karantar wane irin kare ne ya zo musu, kuma yadda aka fara haka za a ƙare. Can sai babbar cikinsu ta juya, sauran su biyo ta, a taho a tsanake a layi miƙaƙƙe har gaban makiyayi. Manomi ba ya son a gudanar masa da tumaki, gudu na zubar da ƙiba, mai ciki kuma tana iya ɓari, don haka karen da ya kawo su suna haki bai iya aiki ba ko da ya riga kowa isowa.

Gwajin gaske kuwa sai an haɗu da tunkiya mai sabon ɗa. Ita ba ta gudu. Juyowa take yi ta fuskance shi, ta saukar da kai, ta buga ƙafar gaba a ƙasa dam, wani lokacin ma ta kawo masa karo. A nan ake gane kare mai zuciya. Matsoraci ko dai ya kau da kai ya kama zagaye-zagayen banza, ko kuma ya daka tsalle ya cafki ulunta, don yawancin cizon da kare ke yi a wurin aiki daga rashin ƙarfin hali yake zuwa. Mai zuciya tsayawa yake ya riƙe ta da ido, ya ƙara taku ɗaya, ya ba ta 'yar sarari ta juya da ɗanta ba tare da ta ji an ƙure ta ba. Idon ma in ya yi yawa matsala ne, akwai waɗanda za su kwanta su kafe tunkiya ɗaya da kallo su manta da sauran garken, mai su na ta fito har wuyansa ya yi ciwo amma ina, sun liƙe.

Tarihinsa a rubuce bai da wani tsawo, duk da karnukan kiwo sun daɗe a tsaunukan nan. A 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a Bala, cikin Wales, wadda ake lissafawa ta farko a Birtaniya, kuma wani ɗan Sikotland ne ya lashe da karensa. Gasar ta sauya abubuwa da yawa, don a da kowa a tudunsa yake yabon karensa, yanzu ga fili ga mai doki, makiyaya na ganin karnukan juna suna cewa wancan nake so ya hau karyata. Sai a 1893 wani makiyayi a Northumberland da ke arewacin Ingila, Adam Telfer, ya haɗa wasu karnukansa biyu, Roy wanda ke da sanyin hali da Meg baƙar karya mai zafin ido, aka samu ɗan kwikwiyon da aka sa wa suna Hemp, wanda yanzu ake kira Old Hemp. Karnukan lokacin da yawansu da haushi da hargowa suke aiki, shi kuwa shiru yake yi, tumaki na bin abin da yake so ba tare da an tayar musu da hankali ba. Labari ya bazu, aka yi ta kawo masa karya daga ko'ina, ana cewa 'ya'yan da ya bari sun kai 200 kafin ya mutu a 1901. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jikokinsa suka yi ta cin gasa, yau kusan duk boda koli mai takarda in ka bi salsalarsa kan Hemp za ka ɓulla.

A 1906 aka kafa ƙungiyar karnukan kiwo ta ƙasa da ƙasa, ISDS, a Sikotland. Sakatarenta James Reid shi ya fara amfani da sunan border collie a 1915, don a bambanta karnukan aiki na yankin boda da wasu 'yan uwansu masu dogon hanci da tulin gashi da aka mayar na ado, waɗanda suka samu shiga gidajen masu kuɗi tun zamanin Sarauniya Victoria. Bayan Hemp sunan da ya fi tashe shi ne Wiston Cap, an haife shi 1963, ya ci babbar gasar ƙungiyar a 1965 yana ɗan shekara biyu bai cika ba, kuma siffarsa ce a duƙe a jikin tambarin ƙungiyar. An yi amfani da shi wajen barbara sosai da sosai, har jininsa ya cika littafin rajista, abin da ni a ganina ba duka alheri ba ne, in kowa ya koma kan kare ɗaya ai har lalurarsa ake rabawa.

Gasar kanta kwaikwayon aikin gona ce, ba wasan nuna bajinta ba. A matakin ƙasa tumaki biyar ake ajiyewa a nisan yadi 400, kare ya je ya ɗauko su ya ratso da su ta tsakiyar wata ƙofa, ya zagaya da su bayan mai shi, ya kora su gaba ta wasu ƙofofi biyu, sannan a shiga wani da'ira a ware biyu daga ciki, a saka su a ɗan shinge, a fito da su a ware guda ɗaya mai jan ƙyalle a wuya, duk cikin minti 15. Maki 110 ne, kuma ragewa ake yi, duk karkacewa daga layi an cire, duk ƙarin fiton da bai zama dole ba a lokacin fitar farko an cire, cizo kuwa alƙali na iya sallamarka nan take. A zagayen ƙarshe na babbar gasa abin ya fi haka, tumaki 20 ne kashi biyu a nisan kusan yadi 800, kare ya ɗauko goman farko ya kawo su rabin hanya, sai a ce masa ya bar su ya juya ya nemo wasu goman da wataƙila ko ganinsu ba ya yi. Ka tuna duk jininsa cewa yake kar ka saki tumakin da ke hannunka. Ya sake su ɗin saboda mutum ya ce, wannan yarda ce ba ƙarama ba.

Wurin saka su a shinge kuwa har dariya yake ba ni. Makiyayi na riƙe da igiyar ƙofa mai tsawon ƙafa 6, ba dama ya saki, ba dama ya taɓa tunkiya, ya miƙa sanda ta ɗaya hannun ya tare gefe guda, kare ya tare ɗayan. Tumaki biyar sun tsaya a bakin ƙofa suna leƙen ciki suna shinshina, ɗaya ta saka kai ta fasa. Mutum ya ɗan lanƙwasa gwiwa, kare ya matso tafin ƙafa ɗaya ya sake kwanciya. Jama'ar da ke kallo kowa ya yi tsit. Kuskure kaɗan sai ka ga wata ta zille ta gefe sauran sun bi ta an kama zagaye shingen, agogo na tafiya.

To ku lura, duk tarihin nan ba inda aka ce a zaɓi kare don kyan gashi ko tsayuwar kunne. ISDS ba ta da wani tsarin yadda kamanninsa za su kasance, har ma tana da hanyar yi wa kare mara takarda rajista in ya nuna aiki a gaban alƙalai. Shi ya sa suka bambanta, akwai mai dogon gashi akwai mai gajere, akwai baƙi da fari, ja da fari, mai kala uku, mai dabbare-dabbare, wani kunne a tsaye wani a kwance wani ɗaya sama ɗaya ƙasa. Matsakaici ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 20 ba. Rigima ta tashi ne da ƙungiyoyin baje kolin karnuka suka shigo. Ta Birtaniya ta karɓe shi a 1976, ta Amurka, AKC, a 1995, kuma makiyayan Amurka sun yi ta adawa da hakan iya ƙarfinsu, cewa suke da zarar an fara ba kare kofi saboda yadda ya tsaya da yadda aka taje masa gashi to aikin ya kama hanyar lalacewa. Har yau ƙungiyarsu, ABCA, tana soke rajistar duk karen da ya zama zakara a gasar kyau. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa, ni kam ina bayansu, don ka duba sauran karnukan da a da na aiki ne yanzu sai hoto. Halin kiwo ba abu ɗaya ba ne da za ka ajiye a ma'aji, ido ne da zuciya da jin magana da sanin nisa duk a cakuɗe, in ba a gwada kowace tsara a kan tumaki ba ba ka ma san me ya zube ba.

Sai maganar basira, wadda ita ta jawo masa farin jini da kuma wahala. A 1994 wani malamin jami'a a Kanada, Stanley Coren, ya tattara ra'ayin alƙalan gasar biyayya ya jera nau'o'in karnuka, boda koli ya zo na ɗaya, a rukunin da ke kama sabon umarni kafin a maimaita sau biyar. A 2004 masu bincike a Jamus suka wallafa aikinsu kan wani mai suna Rico da ya san sunayen kayan wasa sama da 200, abin mamakin ma in an saka sabon abu cikin waɗanda ya sani aka faɗi sunan da bai taɓa ji ba, sai ya ɗauko sabon, wato ya yi lissafin tunda sauran duk na san sunansu to wannan ake nufi. Daga baya wata karya a Amurka, Chaser, ta haddace sunaye 1,022. Wannan adadin kowa ke yaɗawa, amma ba a cika faɗin cewa mai ita John Pilley farfesa ne da ya yi ritaya, yana ba ta awa huɗu zuwa biyar kullum har shekara uku. Kai da ke fita da safe ka dawo da dare, ina za ka samo wannan lokacin?

Kuma saurin koyon nan ba ya tantance mai kyau da mara kyau. Ya ga ka buɗe ƙofa sau biyu ya iya. Ya yi haushi sau ɗaya ka jefa masa ƙwallo don ya yi shiru, shikenan ya gano makullinka. In babu tumaki idon nan bai tafi ko'ina ba, abin da ke motsi zai nema, mota, keke, kaji, yara masu guje-guje, ya zagaye su ya tare, wanda ya ƙi tsayawa ya ɗan gatsa masa ƙafa, iyaye su ce kare ya zama mugu alhali shi a wurinsa aiki yake yi. Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai bin inuwa. Za ka ga kare ya tsaya a tsakar ɗaki kai a sunkuye ya ƙura wa wani ɗan haske da ke bango ido, hasken da ya faɗo daga gilashin agogo ko waya, jiki a sandare, a kira shi bai ji ba, a ajiye abinci bai kalla ba, haske ya gusa ya daka masa tsalle ya kama tonon ƙasa. Wasu da wasan 'yar fitilar lesa aka jawo musu, kuma in ya kama da wuya ya saki. Ga su da jin ƙara, kunnen da aka ƙera don ya ji fito daga wani tudun shi ne ke sa tsawa ko ƙarar babbar mota ta firgita su. Cibiyoyin karɓar karnukan da aka gaji da su a Birtaniya sun san wannan labarin sarai, har akwai waɗanda boda koli kaɗai suke karɓa. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a gajiyar da shi, a yi ta jefa masa ƙwallo har ya faɗi. Ban yarda da ita ba. Karen da aka yi don ya wuni yana hawa tudu ba za ka ƙure shi da gudu ba, ƙara masa ƙarfi kawai kake yi, gobe ya nemi ninkin na yau, ga ƙwallon ta zame masa jaraba, ga birki da juyin gaggawa na cin gaɓoɓinsa. Motsa jiki dole ne, kullum, ba wasa. Amma in ka duba karen gona na gaske ba wuni yake yana tsere ba, akwai ranakun aiki tuƙuru akwai kuma ranakun da zai bi mai shi duba shinge, ya hau bayan babur mai ƙafa huɗu, ya kwanta a ɗakinsa shiru. Abin da yake samu wanda na gida ba ya samu shi ne aiki mai ma'ana tare da mutum ɗaya da ya san me yake so, da kuma umarnin da ke cewa ya isa haka. Makiyaya na da wannan umarnin, da an faɗe shi kare zai bar tumaki ya dawo gefen ƙafa, an tashi daga aiki. Wanda zai riƙe shi ba tumaki sai ya ƙirƙiro masa madadin, neman abu da hanci, wasan tsallake shingaye da ratsa bututu wanda dama su ke mamaye shi, koyon sababbin umarni, sannan ya koya masa kwanciya ya huta ko da abu na motsi a gabansa, wannan ɗin ya fi duk sauran wuya. Da duka ko tsawa kuwa ba a cin ribarsa, zuciyarsa ba ta ɗauka, kallon banza ma ya ishi wasunsu su shiga taitayinsu. A karkarar Birtaniya kuma barin kare ya bi tumakin wani laifi ne a doka, manomi ma na iya harbe shi in ba wata hanyar tsayar da shi.

Ta fannin lafiya yana da ƙwari, yakan yi shekara 12 zuwa 15. Amma akwai lalurorin gado, farfaɗiya na cikin waɗanda suka fi damun masu shi, akwai matsalar ƙashin ƙugu, akwai wata lalurar ido da ake kira CEA wadda yanzu ana gano ta da gwajin ƙwayar halitta kafin a haɗa iyaye, akwai kurumta da ke kama wasu suna tsakiyar ƙarfinsu, wanda ga karen da ke aiki da fito ai ƙarshen sana'a kenan. Masu dabbare-dabbaren nan da mutane ke rububi, in aka haɗa biyu irinsu, kowane ɗan kwikwiyo na da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya gaji abin ta ɓangare biyu, irin waɗannan sukan zo kurame ko makafi. Zafi ma abin tsoro ne, gashinsa ninki biyu ne na ƙasar sanyi, kuma shi ba ya cewa na gaji, zai yi ta yi har ƙafafunsa su fara harɗewa, shi ya sa a wuraren gasa ake ajiye baho cike da ruwa, kare na gamawa ya faɗa ciki.

Ba tumaki kaɗai ba, an ja shi wasu ayyukan. A Disambar 1944 wani jirgin yaƙin Amurka ya faɗi a tsaunukan Cheviot cikin dusar ƙanƙara, wata karyar makiyayi mai suna Sheila ce ta kai mai ita inda mutum huɗu daga cikin ma'aikatan jirgin suka fake, aka ba ta lambar yabo ta Dickin, wadda ake ba dabbobin da suka nuna jarumta a yaƙi, a 1945. Yau ana amfani da su wajen neman waɗanda suka ɓata a duwatsu, ana korar tsuntsaye da su daga filayen jirgin sama da na wasan golf, tunda tsuntsun na ganin sanɗar ya san ba lafiya shi kuma karen ba kamawa zai yi ba. A Chile bayan gobarar dajin 2017 wasu guda uku aka ɗaura wa jakunkuna masu huji cike da iri suka yi ta gudu cikin ƙonannen daji irin na zuba.

Horarre kuwa kuɗi ne. A 2020 an sayar da wata karya mai suna Megan fam 18,900 a gwanjon Skipton a Ingila, wani mai kiwon shanu a Amurka ya saya, a 2021 wata Kim 'yar shekara ɗaya ta kai fam 27,100 a wani gwanjon intanet a Wales. Waɗannan su ne na ƙoli, na aikin gona na yau da kullum ba ya kai ko kusa, amma ko shi ɗin ba arha ba ne, don sai an yi wata da watanni ana binsa kafin ya zama abin dogaro, wasu sai sun shekara uku ko huɗu suke nutsuwa. Wanda ya saya ma da sauran aiki a gabansa, don kowane makiyayi da irin fitonsa, na kewayawa dama daban, na hagu daban, na kwanta, na matso, na waiwaya baya, sai mai sayarwa ya naɗar masa su a waya ya je gida ya yi ta bita har bakinsa ya faɗa daidai, in ba haka ba kare zai tsaya yana kallonsa kawai. Wanda aka hora da harshen Wales kuma sabon mai shi ko dai ya koyi kalmomin ko ya sake masa wasu daga farko. Masu aiki da kare biyu a lokaci guda kowanne da nasa fiton suke ba shi, don in an ce wa ɗaya ya yi dama kar ɗayan ma ya tafi.